Me ya haɗa jami'a da waƙar zuga? Muhawara kan taken Jami'ar Mishigan

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani bidiyo da ke yawo na wani filin wasa a Amurka, cike maƙil da mutane sanye da riguna ruwan ɗorawa da shuɗi. 'Yan badujala na busa, jama'a na rera waƙa ɗaya da baki ɗaya, suna ɗaga dunƙulallen hannu sama. An rubuta a ƙasan bidiyon wai Jami'ar Mishigan ce, kuma wasan ɗalibai ne, ba na ƙwararru ba. Tambayata biyu ce. Wace waƙa ce wannan, kuma ina asalinta? Ta biyun ita ta fi damuna. Jami'a gidan ilimi ce. A ganina bai kamata a ce abin da aka fi sanin jami'a da shi shi ne waƙar cika baki a filin ƙwallo ba. Masana a taimaka mana.

Sadiq_AnnArbor:
Wa alaikumus salam, Abban Hanifa. A nan nake karatu, don haka bari in fara. Sunan waƙar The Victors, kuma ita ce waƙar zuga ta jami'ar. Filin da ka gani shi ne Michigan Stadium, wanda mutanen gari ke kira babban gida. An buɗe shi a 1927, yanzu yana ɗaukar mutum 107,601, babu filin da ya kai shi girma a Amurka. In ka tsaya a waje ba za ka yarda ba, domin haƙa ƙasa aka yi aka zaunar da shi a rami, sai ka shiga ƙofa ka leƙa ƙasa sannan hankalinka zai tashi. Wasan kuma ba irin tamaular da muka sani ba ce, ƙwallon Amurka ce mai kama da zari-ruga, ta hular kwano da bangaje-bangaje.

Dan_Fagge:
Kai! Ai na san filin nan. Nan ne Manchester United ta ci Real Madrid 3 da 1 a wasan sada zumunci a watan Agusta na 2014. Mutum 109,318 suka shiga kallo. Ashe filin makaranta ne!

Malam_Sule_Tarihi:
Filin makaranta ne, Ɗan Fagge. Game da asalin waƙar kuwa, ga yadda aka yi.

Ranar 24 ga Nuwamba, 1898, ranar bikin godiya ta Amurkawa, Mishigan ta je har Shikago ta kara da Jami'ar Shikago. A lokacin Shikago ce gagara-badau, kocinta Amos Alonzo Stagg, mutumin da har yau ake ambaton sunansa in ana tarihin wasan. Duk wanda ya yi nasara ranar shi ne zakaran ƙungiyar jami'o'in da ake kira Western Conference, wadda aka kafa a 1896, ita ce ta zama Big Ten ta yau. Mishigan ta ci da maki 12 da 11. Maki ɗaya tal. Abin da ya raba gardama shi ne gudun yadi 65 da wani ɗan wasa Charles Widman ya yi da ƙwallo a hannu har ƙarshen fili. Wannan ne kambin farko da Mishigan ta taɓa ɗauka a ƙungiyar.

Cikin 'yan kallo akwai wani ɗalibin sashen kiɗa mai suna Louis Elbel, ɗan garin South Bend a jihar Indiyana. Da aka tashi, ɗaliban Mishigan suka bazu a titunan Shikago suna murna da wata waƙar holewa da ake yayi a lokacin. Elbel ya ga cewa nasara irin wannan ta fi ƙarfin waƙar aro, ya kamata jami'a ta sami tata mai kwarjini. A daren ya fara tsara ta a gidan 'yar uwarsa da ke Shikago, ya ƙarasa aikin a jirgin ƙasa kan hanyar komawa Ann Arbor, garin da jami'ar take. A watan Afrilu na 1899 ƙungiyar badujalar John Philip Sousa, wanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da sarkin kiɗan fareti, ta buga ta a Ann Arbor. Daga nan ta kama.

Abban_Hanifa:
Allah ya saka, Malam Sule. To amma ka ga ka ƙara mini hujja. Wasa ɗaya, maki ɗaya, shi ne ake ta rerawa sama da shekara 125?

Malam_Sule_Tarihi:
Abin da ya sa ta daɗe ke nan a ganina. Elbel bai sa sunan Shikago a amshin da ake rerawa ba, bai sa sunan Widman ba, bai faɗi maki ba. Jinjina ce kawai ga gwarazan da suka yi nasara, da kiran su zakarun Yamma. Ka lura kuma, yawancin waƙoƙin zuga na jami'o'in Amurka roƙo ne da ingizawa, ku tashi, ku dage, ku ci. Wannan kuwa an riga an ci aka yi ta. Shi ya sa abokan hamayya ke jin haushinta, suna cewa girman kai ne.

Hajiya_Turai:
Ni fa ban ga abin mamaki ba. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san kowane ɗan damben kirki yana da takensa. Da makaɗi ya kaɗa, tun daga nesa za ka ga tsuma ta kama shi, magoya bayansa su miƙe, ko da ranar shi za a kayar. Taken ba ya cewa ya fi kowa a duniya da gaske, yana tuna masa ko shi waye ne da kuma gidan da ya fito. Jami'ar nan ma takenta ke nan. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Bamaradiya:
Gaskiya ne, Hajiya. Mu ma a kokowar takobin ƙasa a Nijar haka abin yake, ɗan kokowa ba ya shiga fili shiru, kuma jiharsa gaba ɗaya ke tsuma tare da shi. Sai dai akwai bambanci. Namu na mutum ɗaya ne, in ya yi ritaya taken ya bi shi. Nasu na makaranta ne, 'yan wasa su zo su wuce, taken yana nan.

Injiniya_Bashir:
Malam Sule, ranka ya daɗe, akwai abin da ka tsallake. Masana kiɗa sun daɗe da nuna cewa ɓangaren nan da kowa ke rerawa ya yi kama ƙwarai da wani ɓangare na kiɗan fareti mai suna The Spirit of Liberty, na George Rosenberg, wanda aka fi sani da George Rosey. Shi kuwa ya yi rajistar haƙƙin mallakar nasa a 1898 ɗin, watanni kafin wasan Shikago. Na saurari biyun a jere a YouTube, kunnen da bai san kiɗa ba ma zai ji kamar. Saboda haka labarin ɗalibin da ilhama ta sauko masa a dare ɗaya yana buƙatar gishiri kaɗan.

Malam_Sule_Tarihi:
Maganar kamar tana nan, Injiniya, kuma 'yan Mishigan ɗin ma suna tattauna ta. Amma a wancan zamanin aron kari ba baƙon abu ba ne. Waƙoƙin makarantu da yawa an ɗora su ne kan karin waƙoƙin coci ko na soja ko na gidan rawa. Ita kanta waƙar girmamawa ta Mishigan, The Yellow and Blue, wadda Charles Gayley ya rubuta baitocinta a 1886, an ɗora ta ne kan karin wani wasan waƙe na Turai. Baitocin The Victors na Elbel ne, haka sauran sassan kiɗan da tsarin haɗa su.

Injiniya_Bashir:
Aro da faɗa daban, aro da shiru daban. Gayley bai ɓoye inda ya samo karinsa ba. A jami'ar da za ta kori ɗalibi in ya kwafi sakin layi ɗaya ba tare da ambaton mai shi ba, ya kamata a riƙa ambaton Rosey duk lokacin da aka ba da labarin.

Ummu_Khalil:
Ku tsaya, waƙa biyu ce ke nan jami'ar take da su? Na ruɗe.

Sadiq_AnnArbor:
Sun ma fi biyu, Ummu Khalil, amma manyan iri biyu ne. Akwai waƙar girmama makaranta, mai sanyi, a tsaye ake rera ta cikin natsuwa, kusan kamar taken ƙasa. Akwai kuma ta zuga mai zafi, ita ce ta bidiyon. Bari in ba ku yadda ranar wasa take.

Asabar ake yi. Tun hantsi 'yan badujala, ɗalibai ne su ma, ɗaruruwa, suke yin fareti daga zaurensu mai suna Revelli Hall zuwa fili, mutane na bin su a baya. Sunan William Revelli aka sa wa zauren, wanda ya shugabanci ƙungiyar daga 1935 zuwa 1971. A fili akwai wata hanya ta ƙarƙashin kujeru, ta nan suke ɓullowa da gudu suna ɗaga gwiwa sama, ganguna kaɗai ke tashi. Jagoransu mai doguwar hula zai fito gaba, ya lanƙwasa ta baya a hankali har kansa ya kai ƙasa. Sai a saki waƙar. Duk inda kalmar jinjina ta zo a amshi, mutum dubu ɗari za su cilla dunƙulallen hannu sama lokaci guda. Daga nan 'yan wasa su fito da gudu, kowa ya yi tsalle ya taɓa wani dogon ƙyalle da ake riƙe musu a tsakiyar fili.

Bayan haka duk lokacin da aka ci maki sai an buga ta. A ɓangaren ɗalibai ba a zama, a tsaye ake kallo daga farko har ƙarshe, ko da a Nuwamba ne da yatsu ke ƙagewa don sanyi. Kusa da ni akwai wata tsohuwa da ta haura saba'in, da jikarta 'yar kamar shekara biyar a kafaɗar babanta, dukansu uku sun san baitocin. In an ci wasa, 'yan wasa su sake rerawa a ɗakin canza kaya. Ranar yaye ɗalibai ma a filin ake yi, kuma da ita ake tashi.

Abu_Ammar:
Ɗan'uwa Sadiq, Allah ya tsare mana kai. Ina fata dai kana kiyaye addininka a irin wannan taro na kaɗe-kaɗe da cakuɗa.

Sadiq_AnnArbor:
Amin, Malam, na gode da nasiha. Akwai Musulmi da yawa a jami'ar, ga Dearborn nan kusa, garin da Larabawa suka yi yawa. Cikinmu akwai masu zuwa kallo, akwai waɗanda ba sa zuwa sam, kuma ba wanda ke tilasta wa wani. In lokacin salla ya yi mukan nemi gefe mu yi.

Hajiya_Turai:
Hukuncin kiɗa babi ne mai zaman kansa, a bar wa malamai. Mu koma kan tambayar Abban Hanifa.

Bakatsine:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne zakarun Yamma. Na duba taswira, Mishigan ai tana can sama kusa da Kanada, ta ma fi kusa da gabas. Wace Yamma kuma?

Malam_Sule_Tarihi:
Tambaya mai kyau, Bakatsine. A 1898 cibiyar wasan tana gabas, wurin su Yale da Harvard da Princeton. Duk abin da ke bayansu Yamma ne a idonsu, shi ya sa ƙungiyar ta ɗauki wannan suna. Kuma baitin ya taɓa zama matsala. Daga 1907 zuwa 1917 Mishigan ba ta cikin ƙungiyar, saboda saɓani kan dokokin da suka rage yawan wasanni da shekarun da ɗalibi zai yi yana buga wa makaranta. To ta yaya za ka kira kanka zakaran gasar da ba ka cikinta? Shi ya sa a 1911 Earl Moore da Fred Lawton suka yi wata sabuwa mai suna Varsity. Da aka koma ƙungiyar, tsohuwar ta karɓe matsayinta, ita kuma Varsity har yau ana buga ta a matsayin ta biyu.

Yanzu kuma abin ya juya. Tun 2024 Big Ten na da jami'o'i 18, har da na gaɓar tekun Pasifik irin su Oregon da UCLA da USC da Washinton, waɗanda su ne Yamma ta haƙiƙa. Ba wanda ya ce a taɓa baitin.

Dan_Fagge:
Ita Shikagon fa? Har yanzu suna karawa?

Malam_Sule_Tarihi:
Ina! A 1939 Mishigan ta lallasa Shikago 85 da nema. A ƙarshen shekarar shugaban jami'ar, Robert Maynard Hutchins, ya soke wasan gaba ɗaya, domin yana ganin ya zama kasuwanci mai shagaltar da jami'a daga aikinta. A 1946 suka fice daga ƙungiyar. Sun dawo da wasan a 1969, amma a ƙaramin mataki. Filin da aka buga wasan 1898, wanda daga baya aka sa wa sunan Stagg, a ƙarƙashin kujerunsa ne Enrico Fermi da abokan aikinsa suka tayar da na'urar sarrafa makamashin nukiliya ta farko a duniya, ranar 2 ga Disamba, 1942.

Abban_Hanifa:
Alhamdu lillahi! To ga maganata nan ta fito daga bakin shugaban jami'a guda. Hutchins ya ga abin da nake gani. Ya rufe filin ƙwallo, masana suka shiga ƙarƙashinsa suka yi aikin da ya canza duniya. Yau in an ce Shikago, masu lambar Nobel ake tunawa. Wannan ita ce jami'a.

Dakta_Rabi:
Yaya Abban Hanifa, ka yi haƙuri, nan kam ba na tare da kai. Kana magana kamar dole sai an zaɓi ɗaya. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na yi shekaru a aikin rigakafin shan inna. Gagarumin gwajin da ya tabbatar cewa allurar Jonas Salk tana aiki, Thomas Francis na Jami'ar Mishigan ne ya jagoranci tantance shi, kuma a Ann Arbor aka sanar da sakamakon ranar 12 ga Afrilu, 1955. Shi kansa Salk a hannun Francis ya koyi aiki a wannan jami'a. Duk wanda ya ga yaro na jan gindi a titunanmu ya san nauyin wannan rana. A shekarar da aka yi sanarwar ana buga waƙar nan a fili duk Asabar ɗin wasa, kuma ba ta hana ɗakin gwaji aiki ba.

Abban_Hanifa:
Na ji, Dakta, kuma Allah ya saka muku da alheri kan wannan aiki. Amma ki tambayi mutum goma a titi me suka sani game da Mishigan. Ƙwallo za su ce, ba Francis ba.

Injiniya_Bashir:
Ku bi sawun kuɗi za ku gane amfanin waƙar. Jami'ar ta yi gangamin neman gudummawa daga tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni, ta sa masa suna Victors for Michigan, daga sunan waƙar kai tsaye. Da aka rufe a 2018 an tara sama da dala biliyan 5. Kuɗin nan ba fili kaɗai suka tafi ba, akwai tallafin karatu, akwai asibiti, akwai bincike. Mutumin da ya bar makaranta shekara arba'in, me zai sa ya buɗe aljihu? Abin da ya rera yana ɗan shekara sha tara, kafaɗa da kafaɗa da abokansa. Hukumar jami'ar ta san haka sarai, kuma tana amfani da shi da gangan. Ni ban ce laifi ba ne, amma kada a ɗauka duk soyayya ce zalla.

Kawu_Isa:
'Ya'yana, bari tsoho ya sa baki. Mu da muka yi sauraron rediyo a shekarun 1970 mun san Gerald Ford, shugaban Amurka daga 1974 zuwa 1977. Ɗan wasan Mishigan ne, yana cikin tawagar da ta ɗauki kambin ƙasa a 1932 da 1933, kuma a 1934 shi aka zaɓa gwarzon tawagar. Da ya hau mulki, sau da yawa yakan sa 'yan badujalar soja su buga masa The Victors a maimakon taken da aka saba yi wa shugaban ƙasa. Ya rasu ranar 26 ga Disamba, 2006. Da aka kai gawarsa garinsu Grand Rapids a farkon Janairun 2007, ɗaliban badujalar jami'ar ne suka tarbe ta a filin jirgi da wannan waƙa, a hankali. Mutum ya riƙe mulkin Amurka, amma abin da ya so a raka shi da shi na makarantarsa ne. Abban Hanifa, wannan ya wuce cika baki.

Zainab_Lauya:
Kawu, tunda ka kawo Ford da 1934, dole a faɗi ɗaya gefen. A tawagar akwai baƙar fata guda, Willis Ward, abokin Ford na ƙut da ƙut, tare suke kwana ɗaki ɗaya in an yi tafiya. Jami'ar Georgia Tech, daga kudancin Amurka, ta ce ba za ta shiga fili ba in akwai baƙar fata. Wasan a Ann Arbor ne fa, a gidan Mishigan. Amma hukumar wasanni, ƙarƙashin Fielding Yost, ta amince aka ajiye Ward. Ɗalibai da malamai sun yi zanga-zanga, ba ta hana ba. An buga ranar 20 ga Oktoba, Mishigan ta ci 9 da 2, kuma shi ne kaɗai wasan da ta ci a shekarar. Ward daga baya ya zama alƙali. Ford kuma bai manta ba, a 1999 ya yi rubutu a jaridar New York Times yana kare tsarin jami'ar na ba tsiraru dama, ya kawo labarin abokinsa.

Abin da nake so a gani shi ne, waƙar da ke kiran 'yan wasa gwaraza ita ce taken makarantar a ranar da aka hana ɗaya daga cikinsu shiga fili saboda launin fatarsa. Haka mata, sai a 1972 aka fara barin su shiga ƙungiyar badujalar. Waƙa na haɗa mutane, na yarda, amma a tambaya su wa aka bari a waje lokacin da ake haɗuwar.

Kawu_Isa:
Kin yi gaskiya, 'yata. Wannan tabo ne, kuma ya kamata a faɗe shi tare da sauran.

Ummu_Khalil:
To an taɓa canza baitocin irin waɗannan waƙoƙi saboda haka?

Zainab_Lauya:
An yi a wasu wurare. Jami'ar Notre Dame, wadda take South Bend, garin su Elbel, tana da tata tun 1908. Baitin ƙarshe yana ambaton 'ya'ya maza kaɗai. A 2022, shekara 50 da fara ɗaukar ɗalibai mata, suka gyara ya zama maza da mata. A Jami'ar Teksas kuwa rigima ce ta tashi a 2020 kan waƙarsu The Eyes of Texas, domin an fara rera ta ne a 1903 a irin wasan nan da Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata. 'Yan wasa baƙaƙe suka nemi a daina. Aka kafa kwamiti, ya fitar da rahoto a 2021, jami'a ta riƙe waƙar. Har yau akwai masu ƙin rerawa.

Bakatsine:
In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Mu ma nan ai a Mayun 2024 aka mayar da mu tsohon taken ƙasa na 1960, wanda aka ajiye a 1978. Har yanzu a taro za ka ga manya na motsa baki kawai.

Hajiya_Turai:
Shi ne ai, Bakatsine. Doka na iya sa waƙa, amma ba ta iya sa ta shiga jini. Ta Mishigan ba wanda ya kafa dokar a haddace ta. Maimaici ne, Asabar bayan Asabar, uwa ta koya wa 'ya.

Aliyu_Samaru:
Ni tambayata ta gida ce. Muna da gasar wasannin jami'o'i ta NUGA tun 1966. Na yi wasan gudu a makarantarmu, mun je gasa, amma da muka ci abin da muka rera waƙoƙin da muka aro daga 'yan kallon tamaula ne. 'Yan Jami'ar Ife kam suna da tasu, Great Ife, kuma in suka taru suka rera za ka ji tsikar jikinka ta tashi ko ba ka yi makarantar ba. Mu a Arewa muna da mawaƙa, muna da makaɗa, muna da sassan Hausa cike da masana waƙa. Me ya hana?

Injiniya_Bashir:
Fili ne ya hana, Aliyu. Waƙar zuga tana buƙatar wurin da za a riƙa rera ta a kai a kai. Mishigan na buga wasan gida shida zuwa takwas duk kaka, kuma tun Nuwamban 1975 kowane wasan gida da aka bar 'yan kallo suka shiga sai ya haura mutum 100,000. Gasar da ake yi jefi-jefi, wani lokaci yajin aiki ya ɗage ta, ba za ta raya waƙa ba. Dubi Kano Pillars, ba kwamitin da ya zauna ya tsara Sai Masu Gida, filin Sani Abacha ne ya haife shi.

Abban_Hanifa:
Ni kuwa ina addu'ar kada mu kai can. Jami'ar da ɗakin karatunta ke yoyo, ɗalibi ɗari biyar a aji ɗaya, ba waƙa take buƙata ba. A gyara ɗakin gwaji tukuna.

Dakta_Rabi:
Wa zai gyara, Yaya? Gwamnati kaɗai? Injiniya ya nuna maka inda dala biliyan 5 ta fito. Tsofaffin ɗalibanmu nawa ne suke da hali, amma tun da suka karɓi takardar shaida ba su sake waiwayar makarantar ba, saboda ba abin da ya ɗaure zuciyarsu da ita sai tunanin wahalar rajista da layin ruwa?

Abban_Hanifa:
To a cire wahalar rajistar da layin ruwan, Dakta, za ki ga sun waiwaya ko ba waƙa. Shikago ma ai tana samun gudummawa.

Dan_Fagge:
Sadiq, ya aka yi a garin lokacin da kuka ɗauki kofi kwanan baya?

Sadiq_AnnArbor:
Ranar 8 ga Janairu, 2024 ke nan, a Houston aka buga, Mishigan ta ci Washinton 34 da 13, ta gama kakar da wasa 15 ba a ci ta ko ɗaya ba. A Ann Arbor dare ne, ga sanyi, amma ɗalibai suka cika titin South University. Ba 'yan badujala, ba lasifika, wani zai ɗauko amshin daga wannan kusurwa, kafin ya kai rabi titi gaba ɗaya ya karɓa. Wani abokin karatuna ɗan Indiya, wanda ko dokokin wasan bai gama sani ba, yana tsakiya yana cilla hannu. A makon kuma kowa ya koma aji, domin zangon karatu ya fara.

Zainab_Lauya:
Sadiq, in ka sami dama ka tambayi ɗalibai baƙaƙen fata na can yadda suke ji da ita, musamman waɗanda suka san labarin Ward. Ina so in ji daga bakinsu.

Sadiq_AnnArbor:
In sha Allahu, Anti Zainab. Akwai biyu a rukunin karatunmu, ɗaya ma kakanta a Detroit ya yi aikin kamfanin mota. Zan tambaye su bayan jarrabawa in kawo muku abin da suka ce.

Aliyu_Samaru:
Injiniya, ban gamsu da maganar fili ba. Ife ma ba su da wasan mako-mako mai mutum dubu ɗari, amma tasu ta rayu a zauren taro da ɗakunan kwana da wurin zanga-zanga. Akwai 'yan Ife a zauren nan? Ku zo ku faɗa mana a ina kuka fara koyon taku, kuma wa ya koya muku.